Akwatin da Ya Zo daga Sin

Shekarar da kawuna ya yi odar injin markaɗe daga ƙasar Sin, maƙwabcinsa tela shi ma ya yi odar keken ɗinki, duk ta hannun dillali ɗaya. Kayan suka shafe wata huɗu a hanya, daga jirgin ruwa zuwa mota. Da motar ta iso Daura, akwati ɗaya tak aka sauke, kuma ruwa ya goge sunan da ke jikinsa.

Kawu ya haye kan akwatin ya zauna. Tela ya ce, "Alhaji, sauka, kekena kake dannewa."

Kawu ya ce, "Keke ne zai yi wannan nauyin? Malam, ka ji tsoron Allah."

Muna tsaye muna kallo suka yi ta musu har la'asar. Mai unguwa ya zo ya ce a buɗe kowa ya huta. Aka kira kafinta ya ɓalle katako, sai ga takalma masu gashi a ciki, irin na ƙasashen ƙanƙara.

Kawu ya kakkaɓe riga ya ce, "Malam, gaskiyarka, kayanka ne." Tela ya rantse bai san su ba.

Sati biyu kowa yana tura akwatin ƙofar ɗan'uwansa, kafin dillali ya aiko a ɗauke shi.