Babban Yatsan Mai-Igiya

A tashar da ake lodin manyan motoci babu mai kiransa da sunan yanka. Mai-Igiya kawai ake cewa, har matarsa idan ta so tsokanarsa. Aikinsa shi ne ya hau can saman kaya bayan 'yan lodi sun gama jera buhuna, ya shimfiɗa tamfol, ya ja igiya ya ɗaure, ya yanke abin da ya yi saura. Tun gashinsa na baƙi wuluk yake wannan hawa, ga shi yanzu furfura ta cinye gemu.

Wuƙarsa 'yar ƙarama ce mai naɗewa, ƙotar ta sha hannu har ta yi sulɓi. Idan an buɗe ta, akwai wani siririn ƙarfe a cikin ƙotar da ke tokare kaifin don kada ya koma. A ƙasa kowa na iya rufe ta da hannu biyu. A sama kuwa hannun hagu na igiya ne, ba a sakinta ko da rina ta shiga wando. Dama ce ke yin komai ita kaɗai: babban yatsa ya ture ƙarfen gefe, manuni ya ɗan turo bayan wuƙar, babban yatsa ya yi maza ya janye daga hanya, sannan a goga bayan wuƙar a cinya, ƙwas, a jefa aljihu. Ba a kuma kallo, ido na kan inda ƙafa za ta taka.

Duk gwanintar a janyewar nan take. Yatsa ne ke jin lokacin da ƙarfen ya saki, ya kauce kafin kaifi ya iso. Mai-Igiya ya iya abin har ya mai da shi abin gori. Duk wanda ya kama yana rufe wuƙa da hannu biyu, sai ya ce a nemo masa albasa ya wuce kicin. Ƙaninsa ma, wanda yanzu shi ne shugaban 'yan lodi, ya sha wannan gori har ya ƙoshi a zamanin da yake koyo.

Abin ya fara ne da ɗan zugi a kan yatsu, kamar tururuwa na yawo. Daga baya zugin ya tafi, ya bar masa hannu kamar an sa masa safa mai kauri. A asibiti aka ce ciwon sukari ne, kuma ya fara taɓa jijiyoyi. Da ya dawo gida rabin maganar ya faɗa: an hana shi sukari a shayi.

Wajen wanki matarsa ta gano sauran. Kowane wando, aljihun dama ya bushe da jini. Ta jira sai da ya zauna cin abinci, ta kawo ruwan wanke hannu, ta riƙe hannun ta ƙi saki. A cikin babban yatsan ga yanka nan jere, wani ya warke, wani ɗanye. Ya ce igiya ce. Ta ce tun tana amarya take wanke ciwon igiya, igiya ƙuna take yi, ba ta taɓa ganin ta yi yanka a miƙe kamar na tela ba.

"Baban yara, ka gaya wa ƙaninka."

"In ce masa me? Ya samo mini benci?"

Ta san bencin da yake nufi. Yana nan gindin bango kusa da sikeli, inda tsofaffin masu hawa ke zama, a miƙa musu bakin igiya su riƙe, direbobi na aiken su sayen ruwan sanyi. Ya sha cewa gara ya faɗo daga mota da ya zauna a can. Ta ce to idan ya faɗo, wa zai raka autarsu ɗakin miji? Ya zare hannunsa ya ci abincin.

Daga ranar ya shiga gwaji a tsakar gida kowace safiya kafin ya fita. In yana kallo, wuƙar na rufuwa lafiya lau. Da ya ɗauke kai ya dubi bango, kamar yadda ake yi a sama, sai ya ji matarsa ta ja numfashi, ta haka yake sanin ya yanke. Ya naɗe yatsan da filasta, sai yatsan ya kasa ture ƙarfen. Ta ce ya sayi wuƙa mai kube, wadda ba a naɗewa. Ya ce ranar da ya shiga tasha da kube a ƙugu, kafin azahar kowa ya tambayi dalili. Ta daina musu, ta koma cusa masa tsumma mai tsabta a aljihun hagu.

Ranar da asiri ya tonu, lodin fulawa aka yi, buhuna farare tas, kaya ya yi tsawo har ya wuce ƙarfen motar. Ga iska, ga direba na danna ham yana cewa hadari zai riske shi a hanya. Mai-Igiya ya ɗaure, ya yanke saura, tamfol na kaɗawa yana dukan ƙafarsa. Ya kafa ido a gefen buhun da zai taka, ya ture ƙarfen wuƙar, ya goga a cinya. Ƙwas. Har ransa ya yi sanyi da ya ji ƙarar. Ya sauko a hankali, hannu bayan hannu, yana tsokanar direba cewa in saurin gaske yake yi ya sa wa motar fiffike.

Ba wanda ya yi dariya. Ƙaninsa na tsaye, amma ba shi yake kallo ba, sama yake kallo. Mai-Igiya ya waiga. Tun daga ƙoli har ƙasa igiyar ta yi ja wuri-wuri, duk inda hannun dama ya kama, ga jini ya ɗiɗɗiga a buhunan gefe. Sai a lokacin ya dubi hannun. Wuƙar ta ɗauke fatar yatsan, jini na bin gwiwar hannu yana ɗiga a takalmi, shi kuwa ko ƙaiƙayi bai ji ba.

"Yaya," in ji ƙanin, murya ƙasa-ƙasa, "ba ka ji ba?"

Ya buɗe baki zai ce igiya ce, sai ya tuna wanda ke gabansa. Shi da kansa ya koya wa ƙanin nan bambancin ƙuna da yanka. Ya zaro tsumman matarsa ya naɗe yatsan.

Ƙanin ya kori mutane, ya ce kowa ya kama aikinsa. Ya ja shi gefe ya ce yau yatsa ne, gobe hannun da bai ji wuƙa ba zai iya sakin igiya bai sani ba, kuma shi ba zai iya zuwa ya tsaya gaban matar yaya da irin wannan labari ba. Ya ce daga gobe yana son wanda zai riƙa duba ƙulli daga ƙasa, don yaran yanzu ɗaurin kara suke yi. Bai ambaci benci ba. Mai-Igiya ma bai ambata ba.

Ya ciro wuƙar don ya goge jinin, ya buɗe, ya share ta a wando. Ya daɗe yana kallonta a buɗe. Sannan ya sa hannun hagu ya ture ƙarfen, ya tallafa da dama, ya naɗe ta a hankali. 'Yan lodi na gefe suna gani, kowa ya san gorin da ya kamata a yi, babu wanda ya yi shi.

"Ku da bakinku ya mutu," ya ce, bai ɗago kai ba. "To, a kawo albasar mana."