Kunnen Yaya Gaspar

Ni dai Allah ya yi ni da bin diddigi. Tun ina yarinya Inna ke cewa, "Remei, ke in aka rufe tukunya ba kya barci sai kin leƙa." Shi ya sa na ɗauka na riga kowa lura da sabon halin da yayana Gaspar ya tsiro da shi.

Gaspar mahayin dabino ne a nan garinmu Elx, kamar Babanmu da kakanmu. Yana ɗan shekara goma sha uku ya fara hawa. Igiya ɗaya ce tal, ya zagaya ta bayan itacen da ƙugunsa, ya kafa ƙafa, ya jingina, ya dinga cilla ta sama yana bin ta. Shi ke sare busassun ganye, shi ke ɗaure sabbin ya lulluɓe su kada rana ta gan su, su fito fari fat, mu mata mu saƙa don bikin coci na Lahadin Ganyen Dabino. Shekara hamsin yana wannan aiki ko targaɗe bai taɓa yi ba. Ga shi da son a yabe shi, ga taurin kai, amma ban taɓa ganin ya bar wani da aikin da shi yake tsoro ba.

Sai dai kunnensa ya fi hawansa suna. Tun da wani jan ƙwaro mai cin dabino ya shigo mana gonaki, sai ka ga dabino tsaye kore shar, alhali tsutsar ƙwaron ta mai da cikinsa dusa. Don haka kafin a hau sai a ƙwanƙwasa jikinsa da bayan lauje a saurara. Mai lafiya yana amsawa ƙwal, ruɓaɓɓe kuwa kamar an bugi buhun gari. Tsakanin biyun nan akwai wanda ya fara ruɓa bai gama ba, kuma shi ke kashe mutane. Su huɗu ne suke aiki tare, kuma Gaspar ke bugawa. In ya ce a hau, an hau, ba a sake tambaya.

Shekara biyu da suka wuce sai na ga ya fara yawo da wani guntun icen zaitun a aljihu. In zai buga sai ya kafa kan icen a jikin dabino, ya ciji ɗaya kan, ya rufe ido, sannan ya ƙwanƙwasa. Batiste, abokinsa tun na ƙuruciya, har da riƙe ciki don dariya.

"Kai Gaspar, in yunwa ce a kawo maka burodi mana, ka daina cinye wa mutane gona!"

"Sabuwar dabara ce, jaki. Kai da ko ƙararrawar coci ba ka bambanta ta da ta akuya."

Kowa ya yi dariya ya wuce, ban da ni. Mutumin da ko sabuwar igiya sai an yi faɗa yake karɓa, ina shi ina sabuwar dabara? Abin ya tsaya mini a rai. Na fara lura. Na ga yana kallon bakin mai magana, na ga yana dariya bayan kowa ya gama. Wata Lahadi ya zo cin shinkafa a gidana, yana zaune a kicin ya ba ni baya, sai na saki murfin tukunya a ƙasa da gangan. Kyanwa ta yi tsalle ta fice ta taga. Gaspar ko motsi.

Na zagayo gabansa na tsaya.

"Yaya, tun yaushe?"

Bai yi musu ba.

"Kunnen hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan. Amma ina ji ta haƙori, Remei, na rantse. Sautin yana bin icen nan ya shigo mini har ƙwaƙwalwa."

"To ka sa abin kunne mana, kamar kowa."

"Na gwada. Komai kamar gwangwani yake amsawa, mai kyau da ruɓaɓɓe duk ɗaya." Ya kamo hannuna. "Don girman Allah kada ki faɗa. In suka ji, ni da ƙasa ke nan, ina tsintar ganye kamar tsohuwa."

Na ce masa rayukan mutane ne a kunnen nan, har da Nelo mijin 'yarsa mai 'ya'ya biyu. Ya ce ranar da ya daina ji ta haƙori da bakinsa zai faɗa. Na yarda. Ni da bakina ba ya riƙe ko gishiri, na riƙe wannan shekara biyu cur.

A bana, lokacin sanyi, haƙoransa na gaba suka fara girgiɗi, ƙila ma cizon icen ne ya jawo. Likita ya cire guda shida ya sa masa na roba. Muka yi ta tsokanarsa wai ya koma saurayi. Wallahi ban haɗa wannan da wancan ba. Duk bin diddigin nawa, ban taɓa tambayar kaina ko roba tana ji ba.

Ranar da abin ya faru ina wurin, don na je ɗaukar farin ganye. Gonar wata dattijuwa ce, Amparo Brotons, ta zo da baƙi daga birni, ta dasa su a gindin wani dogon dabino tana ta kuranta Gaspar.

"Ku zuba ido. Kunnen nan ya fi na'urar likita."

Gaspar ya kafa icensa, ya ciza, ya buga. Ya sake bugawa. Ya dubi baƙin da suka zuba masa ido, ya ce a hau.

Layin hawa na Nelo ne. Na ga ya tsaya yana jujjuya laujensa, ya dubi Batiste, Batiste ya dubi ƙasa. Sai Nelo ya soke laujen a ɗamara ya fara zagaya igiya. Kafin ya ƙulla, Gaspar ya fizge ta.

"Kawo nan. Bari baƙi su ga yadda manya ke yi."

"Haba Baba, ai nawa ne."

"Na ce kawo."

Ya yi sama kamar ɗan shekara talatin, baƙi na tafi. Ya kusa kai wa ga ganye sai muka ji wata ƙara, ƙas, ba ma mai ƙarfi ba. Dabinon ya karye daga ƙasan ƙafarsa. Ya taho da shi da kan itacen gaba ɗaya, igiyar na riƙe da shi, ba halin ya yi tsalle. Har yau in na rufe ido ina ganin fararen tsutsotsin nan suna motsi a cikin karayar.

Ƙashin bayansa ya karye wuri biyu, da ƙugu, da haƙarƙari huɗu. Likita ya ce zai rayu, amma ƙafafun nan sun gama aiki.

A barandar asibiti na kasa daurewa, na kama Nelo ina kuka.

"Ni na jawo. Kurma ne, Nelo! Na sani shekara biyu na yi shiru."

Ya sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ai duk mun sani. Mun riga ki ma. Kullum in ya buga ya ce a hau, sai Batiste ya ja shi da hira, ni kuma in zagaya baya in sake bugawa. Wa zai iya duban idon Baba ya ce masa ya zama kurma? Ranar nan ce ba dama, ga Amparo ga baƙi. In na ɗaga lauje na tsinka shi a gaban mutane."

"Shi ne za ka hau haka nan?"

"To ya zan yi?"

Na rasa ko in mare shi ko in rungume shi. Mutum huɗu da hankalinmu, kowa na ɓoye wa kowa abu ɗaya, duk don kada ran tsoho ya ɓaci. Haushi ya kama ni, na kaina ya fi yawa.

Sai bayan kwana tara Gaspar ya iya magana sosai. Na zauna inda zai ga bakina. Na yi niyyar ba zan gaya masa abin da Nelo ya faɗa ba, amma tambaya ɗaya ta hana ni sakat.

"Yaya, me ka ji da ka buga?"

"Ba komai. Kamar na ciji soso."

"To me ya kai ka hawa? Don baƙi su tafa maka?"

Ya yi ɗan murmushi, baki duk a motse ba haƙora.

"Yaron bai samu ya sake bugawa ba."

Na zuba masa ido. Ya ce, "Me kike kallona? Kurma na zama, ba makaho ba. Kina tsammani Batiste yana da labarin da zai tsayar da ni kullum? Mutumin da hirarsa ɗaya ce tun muna makaranta."

"Ka sani, ka ƙyale su?"

"Suna yi mini kara, ina yi musu. Na ga abin yana tafiya." Ya juya ido ga rufin ɗakin. "Na ce a hau, Remei. Da bakina na faɗa, ban ji komai ba. Kuma yaron nan ya ɗauki igiya zai hau."

Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. Na sa gefen mayafina na share masa.

"Ki kira mini Nelo," in ji shi. "Ki ce ya zo da laujensa ya buga mini ƙafar gadon nan in ga hannunsa. Tunda shi zai riƙa bugawa yanzu, gara in gyara masa, don na lura yana sakin wuyan hannu da wuri."