Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da daminar korona ba. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta mini. A shekarar Allah ya yi wa maigidana Malam rasuwa, aka kuma rufe jami'a, jikana da na raina ya dawo ƙauyenmu a ƙasar Bagwai ya kama noma. Sunan maigidan aka sa masa, shi ya sa nake ce masa Ango. Mu matan da, ba ma faɗar sunan miji.

Da aka koma karatu ta waya, sabis ya hana shi yin rajista. Abokansa suka ce duk wanda malamar da ke ba su shawara ba ta shigar da maganarsa ba, korarsa za a yi. Ya yi ta kiranta ba ta ɗauka. Ɗalibai suna ta ƙorafi wai ta watsar da su. Yaron ya daina cin tuwo, ni kuma ina takaba, ba inda zan je in roƙa masa.

Wata hantsi ya tafi gona, ya bar wayar rataye jikin rumbu, inda sabis ke kamawa. Ta yi ƙara, na danna inda ya nuna mini. Malamar ce, muryarta a dishe. Ashe ita ma ciwon ne ya kwantar da ita. Ta ce tana bin lambobin da suka neme ta, yau za ta shiga wurin shugabanni.

"Inna, yaya sunan ɗalibin?"

Na ce mai sunan Malam ne. Ta ce masu sunan malamai suna da yawa a wurinta. Ga gona da nisa, maganarta kuma ta fara yankewa.

"Ina jiranki, Inna, ba zan kashe ba."

Na rufe ido na faɗi sunan, sai kuka ya ƙwace mini. Da ta ji sunan marigayi maigidana ne, ta yi mini ta'aziyya, ta ce in kwantar da hankalina.

Ba a kore shi ba. Har yau yana tsokanata wai ashe na san sunan mijina. Ni dai na gane kunya ado ce, amma ba a barinta ta ci karatun yaro. Malamar da aka yi ta zagi kuwa, kullum tana cikin addu'ata tare da Malam.