Baba Kunne da Ledar Manaja

Shekara talatin Baba Kunne yana gyaran motocin ɗaga kaya a babban siton bakin titi. Kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa, amma ɗayan, wallahi ko tururuwa ta yi tari cikin inji sai ya ji. Matarsa ta ce da ita famfo ce da tuni ya san ciwonta.

Ran nan foklif, motar ɗaga kayan siton, ta fara iskanci. A ɗora mata kaya, ta ɗaga rabi, ta hau karkarwa tana kuka kamar akuyar da aka taka wa wutsiya. Direbanta kuwa Dogo ne, mijin 'yar Baba. Manaja ya rantse Dogo ne ya kashe famfon haidurolik, mai tura man ɗaga kaya, da ganganci, yau zai ajiye makulli ya kama gabansa.

Baba ya hango a ransa 'yarsa ta dawo masa gida da 'ya'ya huɗu masu cin abinci kamar fara. Ya miƙe.

"Yallaɓai, a ba ni ita kafin azahar."

"Baba, surukinka ne, kare shi za ka yi."

"Ni? Wannan da ko gaisuwa sai na tuna masa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Baba ya duba mai, yana nan cif. Ya shafa tiyo ɗaya bayan ɗaya, babu yoyo. Ya kafa sukundireba a jikin famfo, ya manna kunne.

"Ɗaga, Dogo. Kai, a hankali, ba tuƙin amarya ba ne!"

Ya saurara, ya ce famfon nan lafiyarsa ƙalau, shaƙe shi aka yi. Ya zagaya wajen tankin mai, sai ga murfin an naɗe shi da leda, an ɗaure tamau da roba.

"Ta nan tanki yake shan iska. Wane mai hikimar ne ya toshe masa hanci?"

Manaja ya hau gyaran wuyan riga.

"Ruwan sama na ga zai shiga..."

Baba ya tsinke ledar. Dogo ya ja liba, kaya suka tafi sama sumul, har suna neman taɓa rufi. Leburori suka ɓarke da ihu.

Manaja ya yi gyaran murya. "To, me ake jira? Dogo, ga tirela can tun safe."

"Yanzu kuwa, yallaɓai. Baba, Allah ya ƙara girma."

"Je ka, je ka. Ka biyo da jikokina ran Asabar, amma su ci abinci a gida tukuna."