Ludayin Da Bai Kai Gindin Tukunya Ba

Edita, bari in faɗi gaskiya a kaina kafin wani ya riga ni. Ni wawa ne tun ina saurayi, kuma irin wawan nan mai ganin kansa da wayo, wanda ya fi kowanne wuyar magani. Yau gemuna ya yi fari, ina sahun gaba a masallacin ƙauyenmu, yara suna durƙusawa su gaishe ni, amma a zamanin da zan ba ku labarinsa ba ni da sana'ar da ta wuce tsokana da bin inda ake dariya. Makarantar allo na gudu tun ban je ko'ina ba, boko kuwa sai da na girma na ɗan leƙa ajin yaƙi da jahilci. In kun ga rubutun ya karkace ku miƙe shi, amma labarin ku bar shi yadda yake.

Ƙauyenmu yana arewacin Kano, ta wajen Shanono, inda gona take manne da gona, ba ka taka ƙasar da ba ta da mai ita. A bayan gonar mahaifina akwai gidan wasu Maguzawa, maƙwabtanmu tun kakanni. Muna zuwa gayyarsu, suna zuwa tamu. In an tashi daga tasu, mutanenmu su sha fura su kama hanya, su kuma su zauna gindin tsamiyar ƙofar gida su sha giyarsu ta dawa. Ni sai na koyi mance fartanya a can don in sami dalilin komawa. Fartanyar nan ta sha mantuwa. Da haka na fara ɗanɗanawa, da haka na zama ɗan gida, ina dawowa ina tauna reshen darbejiya don kada mahaifina ya ji wari.

Maigidan tsoho ne tukuf, idanunsa sun daɗe da tafiya, amma kunnensa ba abin da ke wuce shi. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Malam, don ya ji labarin yadda na gudu na bar allona a zaure. Matarsa, wadda nake ce wa Inna, ita ke dafa giyar. Baba ne ya ɗora ni kan zubawa. Ya ce shan giya ko jaki aka ba zai iya, zubawa ita ce aikin mutane, kuma tunda na kasa riƙe alƙalami bari a gani ko zan iya riƙe ludayi. Ya koya mini in ɗauraye ƙwarya da ruwa zalla in kife ta ta tsane. In buɗe faifai a hankali. In tura dogon ludayi har ya taɓa gindin tukunya, in juya, in ɗago kaurin da ya kwanta a ƙasa ya gauraya da na sama, don na farko da na ƙarshe su sha abu ɗaya. In karkata ƙwarya giyar ta bi gefe, kada kumfa ta yi yawa ta cuci mai sha. In ɗiga kaɗan a ƙasa don waɗanda suka riga mu, in kurɓa a gaban kowa don a san ba komai a ciki, sannan in durƙusa in miƙa wa babba da hannu biyu. Mai zubawa shi ke sha a ƙarshe, kuma abin da ya rage a gindin tukunya nasa ne, ba mai tambayarsa.

Na iya abin nan, kada in ɓoye muku. Abu ɗaya da na taɓa iyawa a duniya ke nan, ga shi kuma ba abin da zan yi alfahari da shi a gaban surukai ba. Baba yakan karkata kai yana saurare in ina zubawa, ya ce giyar da aka motsa da gaskiya ba ta kuka in tana sauka, nishi take yi. Wadda ba a motsa ba kuwa tsululu take, ƙararta kamar akuya na fitsari a kan kwano. Mu yi ta dariya.

Sai shekarun fari suka zo. Waɗanda suka gani ba sa buƙatar in faɗa musu, waɗanda ba su gani ba kuwa ko na faɗa ba za su gane ba. Gero ya bushe a tsaye, dawa ba ta fid da kai ba, rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka ƙaura. Mata suka koma tafasa da rama da tonon gidan tururuwa don 'yar ƙwayar da suka tara. Lokacin ina da aure da ɗa guda da aka yaye. 'Ya'yan Baba maza suka tafi ci-rani birni da iyalansu, aka daina jin ɗuriyarsu. Babban gidan nan ya rage daga Baba sai Inna. Gindin tsamiya ya mutu, ba mai zuwa sai ni.

Baba ba shi da haƙori ko ɗaya, ganye kuma in ya ci sai ya zarce da shi. Abin da kawai ke zama a cikinsa giyar nan ce in ta yi kauri. Inna ta sayar da tumakinta, tana samo 'yar dawa, tana dafa masa a ƙaramar tukunya, tana yin ta kirtif kamar kunu. Ba ta maye ba ce, abinci ce, ita kaɗai ce abincinsa. Da yake Inna takan fita tun hantsi neman ganye da itace ba ta dawowa sai yamma, ta roƙe ni in riƙa zuwa bayan azahar ina zuba masa. Ta ce ni ɗa ne, kuma dama hannuna ya saba.

Ranar farko ba da niyya na yi ba, wannan kam zan iya rantsewa. Yunwa ta cinye mini ƙarfi, na motsa sama-sama na zuba masa. Da na zo shan rabona na ɗaga tukunya, sai na ji abu mai nauyi ya gangaro bakina. Duk kaurin yana ƙasa yana jirana. Rabona da in ji cikina ya cika haka har na manta. Na koma gida ina tafiya kamar ɗan sarki. Washegari kuwa da niyya na yi. Na tura ludayi ya tsaya a tsakiya, na riƙa buga shi a jikin tukunya don makaho ya ji kamar ana motsawa. Na ɗiga a ƙasa, na kurɓa, na durƙusa na miƙa da hannu biyu, duk ladabin na cika shi, abu ɗaya kawai na bari. Ya karɓa ya sha ruwan, ya sa mini albarka.

Ga inda abin ya zama abin dariya, in akwai mai iya dariyar. Da yake ina dawowa a ƙoshe, in matata ta kawo ɗan kwaɗon tafasa sai in ture in ce ta ci ta ba yaro, ni na haƙura. Ta zaci azumi nake yi a ɓoye. Ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya wa gari. Sai ga dattawa suna nuna ni a bakin masallaci, wai ku ga ɗan banzan nan na da, ashe wuya ce ke fito da mutumin kirki. Mahaifina da bai taɓa yabona ba ya dafa kafaɗata. Ni kuwa in sunkuyar da kai irin na masu tsoron Allah, bakina cike da ɗacin darbejiya. Da wannan na riƙa lallashin zuciyata, cewa ai ɗana nake ciyarwa, Baba kuma ya riga ya ci zamaninsa.

Baba ya fara zubewa a kan idona. Wuyan hannunsa ya koma kamar karan dawa, ƙwarya tana kaɗawa in ya riƙe, har na koma ina tallafa masa. Tsokanarsa ce kawai ba ta rame ba. In na shigo ya ce ga Malam ya zo ba da karatu, yau wace sura za a ja. Inna ta rasa gane kan abin. Ta ƙara dawa a tukunya, ta rage daga bakinta, ni kuma rabona ya ƙara kauri. Wata rana ta tare ni a ƙofar gida, ɗaurin itace a kanta, ta tambaye ni ko yana shanye abin da nake zuba masa. Na ce tas yake shanyewa, Inna. Ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan gaskiyar muni ba.

Ana gab da faɗuwar damina, wata rana da la'asar, na miƙa masa ƙwarya sai bai karɓa ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya shafa tun daga wuyan hannu har gwiwa, yana jin naman da ke jikina a shekarar da ba mai nama. Sannan ya faɗi maganar da zan rufe takardar nan da ita. Na zare hannuna na miƙe ina korar kaza, alhali duk gidan babu kaza ko ɗaya da ta rage. Washegari na zo na tura ludayi har ƙasa, na motsa har kafaɗata ta yi ciwo, na zuba. Ya karkata kai ya saurara, ya yi murmushi, ya ce yau kam ta yi nishi. Ya kurɓa kaɗan, maƙogwaronsa ya ƙi karɓa. Na dawo da gaskiyata lokacin da ba ta da sauran amfani. Bai ga ruwan farko ba.

Da ni aka haƙa kabarinsa. Inna ta tsaya a gaban 'yan uwansu da suka zo daga wasu ƙauyuka ta nuna ni, ta ce 'ya'yan cikinta sun gudu, ɗan Musulmi ne ya tsaya musu. Ta ƙara da cewa akwai lokacin da ta so ta daina fita ta zauna ta riƙa zuba masa da kanta, shi ya hana, ya ce a bar wa Malam ludayinsa. Kowa ya sa mini albarka. Na tsaya na karɓa. Daga baya danginta suka tafi da ita, ban sake ganinta ba, kuma ban gaya mata ba.

Tun ranar giya ba ta sake shiga bakina ba, kuma kada wani ya yaba mini, ba tsoron Allah ne ya fara hana ni ba, ƙarar zubawar ce ba na iya ji. Har yau in mai koko ta zuba tsululu a kofi sai tsikar jikina ta tashi. Da azumi, in an kawo kunun sadaka masallaci, ni ke ƙwace ludayi daga hannun samari in yi ta motsawa har mutane su fara gunaguni ladan ya kira salla tun ɗazu. A gida jikokina sun raɗa mini Sarkin Motsi. Ina taya su dariya. Gidan Baba ya zama gona, tsamiyar ce kawai ke tsaye, kuma in zan je kasuwa zagaye nake yi ta bayan rafi. Sau da yawa in na idar da salla na yi sallama ta hagu, sai in ji kamar akwai mai zaune a gefena ya karkata kai yana saurare.

Na taɓa jin wani malami a wajen tafsiri yana cewa laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka tuba na wanke shi, amma hakkin mutum sai mai shi ya yafe, kuma bai ware Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Shan giya na tuba, ina kyautata zaton an karɓa. Ɗayan fa, wa zan je in roƙa? Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san ko ya yafe ba ne tun yana da rai, ko kuwa jira yake yi in buɗe baki in faɗa da kaina.

Don haka ina jan kunnen matasa su nisanci giya, wannan kowa zai gaya muku. Nawa gargaɗin na daban ne. Duk wanda aka damƙa wa ludayi, ko na kunun marayu ne, ko na abincin mara lafiya, ko na rabon taimako a unguwa, ya sani durƙuso da miƙawa da hannu biyu ba su ne amana ba. Amana tana can ƙasa inda ba mai gani. Kuma kada ka zaci wanda ya yi maka shiru bai sani ba.

Abin da Baba ya ce mini ranar nan, yana riƙe da hannuna, da muryarsa ta tsokana ba ta faɗa ba, shi ne: "Malam, na daɗe ban ji ludayinka ya gaisa da gindin tukunya ba. Kana dai ƙoshi ko?"