Daddawar Ƙiryar Yaya Sabuwa

Yayata Sabuwa ba mace ce mai roƙo ba. Shekara arba'in ta yi a Nguru, ba ta taɓa cewa in aiko mata da atamfa ko waya ba. Abu ɗaya ta nema a wurina duk tsawon zamanta a can, daddawar ƙirya, ita ma sau ɗaya a shekara. A kan wannan abu ɗayan na cuce ta.

A wani ƙauye bayan Agyaragu aka haife mu. Ita ce babba, ni ne auta, a bayanta na yi wayo. A gonar Baba akwai itatuwan ƙirya guda biyar, tsofaffi, ba wanda ya san ranar da suka tsiro. A gidanmu ƙasa ta maza ce, abin da itace ya zubar kuwa na mata ne. Da rani idan 'ya'yan ƙirya suka fara zuba, Inna takan tada Sabuwa da sassafe su riga shanun Fulani zuwa gindin itacen, don shanu ma sun san daɗin abin.

Aikin daddawar ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa Inna take yi tare da maƙwabciyarmu, Mama Doofan, 'yar Tibi. A fasa kwanso, a dafa ƙwayar yini guda cur, a murje ɓawon da hannu har yatsu su yi fari, a rufe da ganyen gwanda kwana huɗu. Sannan a daka, a dunƙula, a jera a saman murhu hayaƙi ya busar. Baƙo idan ya shigo gidan a ranakun nan sai ya toshe hanci. Mu kuwa yunwa warin yake tada mana, don mun san sakwara da miyar riɗi suna tafe.

Sabuwa ta auri Malam Mahmuda, ma'aikacin jirgin ƙasa a tashar Lafiya, mutum mai sanyin hali wanda ita da kanta ta ce shi take so. Ba su rufa shekara ba aka yi masa canjin aiki zuwa Nguru. A wasiƙarta ta farko ta ce mutanen kirki ne, kifi kuma har ya ishe ta, amma bakinta ya ƙi garin. Doya kafin ta iso can ta tsufa a hanya. Miya kullum kuka, da daddawar kalwa ko ta batso. Ta ce ta shiga kasuwa ta tambayi daddawar ƙirya, mai kayan miya ta yi mata dariya, ta ce ita dai ta san ƙirya a wurin maƙera, ba a tukunya ba. Da ta samu cikin fari sai da ta rame, komai aka kawo ta ce a ɗauke.

Daga nan Inna ta fara aike. Da farko abokan aikin mijinta suke kai mata. Da jirgi ya daina zirga-zirga, ni kuma na samu aiki a wata ma'aikata a Lafiya, sai abin ya dawo hannuna. A gwangwanin madara ake cusa ta, a naɗe da leda uku, duk da haka ba direban da ban yi cacar baki da shi ba. Wani ya taɓa cewa ko mushe na ba shi ya kai Kano. Na ce masa hancinsa ne bai waye ba, muka kusa dambe a tasha.

Gwangwani ɗaya yake kai ta shekara. Ranar Juma'a kawai take buɗewa, ta gutsuri kamar ƙwayar gyaɗa biyu. Ta shuka riɗi a bayan gida don kada ta rasa na miya. 'Ya'yanta shida suka tashi da Barbarci a baki, suna tsokanarta da miyar Mama mai wari, ita kuwa ko a jikinta. Da aikin mijinta ya mutu ya koma sayar da busasshen kifi, ita ta riƙe gidan da keken ɗinki. Ta taɓa gaya mini cewa duk ranar da ta yi miyar nan, ji take kamar ta leƙa gida ta dawo.

Kafin Inna ta rasu, a gabana da gaban Mama Doofan ta ce ƙiryar gona ta Sabuwa ce, ta roƙi Mama Doofan ta ci gaba da yi, ta ɗauki rabi ta ba ni rabi in aika. Shekara huɗu ana haka ba fashi.

Sai na fara gini a Lafiya. Bango ya kai, damina ta matso, babu rufi. A daidai lokacin masu gawayi suka shigo yankinmu da injin sare itace, kuma kowa ya san babu gawayin da ya kai na ƙirya. Suka yi mini tayi, idona ya rufe. Na gaya wa kaina ai gonar tawa ce, daddawa kuma ba ta ƙare a duniya ba. A kwana biyu suka kwantar da biyar ɗin.

Ina tsaye ana tara gumagumai Mama Doofan ta zo da kwando a hannu, ta tare ni da Hausarta ta Tibi.

"Ra'ufu, wa ya ba ka wannan itace?"

"Mama, gonata ce."

"Gona naka ne, itace ba naka ba. Uwarka ya faɗa a gabana."

Ni mutum ne mai saurin hawa, musamman idan ba ni da gaskiya. Na ce mata ta je ta kula da gonarta, maganar gidanmu ba ruwanta. Matar da ta yi mini wankan jariri na gaya wa haka, a gaban baƙi. Ta dube ni, ta juya da kwandonta. Ba a daɗe ba ta koma wurin 'yarta Doose a Obi.

Da lokacin aike ya zo na shiga kasuwar Lafiya. Matar da na saya a wurinta ba ta ɓoye mini ba, ta ce yawancin daddawar waken suya ne, an ɗan sa ƙirya don ƙamshi da launi, saboda ƙirya ta yi wuya. Ta ce in ina son tsantsa sai in bi kasuwannin ƙauye. Na ga wahala, na ce ta zuba. Na cusa a gwangwani, na naɗe da leda uku kamar kullum. A ranar direba ya karɓa bai ko toshe hanci ba, ni kuma har daɗi na ji.

Bayan mako guda ta kira ni.

"Ra'ufu, saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Amma ta bana kamar ba ta da ƙarfi."

"Ruwa ne ya yi yawa bara, Yaya. 'Ya'yan ba su nuna sosai ba."

"Allah sarki. Ka gaishe mini da Mama Doofan, ka ce ina godiya."

Na ce za ta ji. Shekara ta zagayo na sake aika irin ta, ba ta ce komai ba sai godiya. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya. Sau biyu ta zo Lafiya biki a tsakanin nan, duk sanda ta ce a kai ta ƙauye sai in ƙirƙiro dalili, yau hanya ta lalace, gobe Mama Doofan ta yi tafiya. Yaya ba ta iya zargin mutum ba, balle ni.

Bara Allah ya yi wa Malam Mahmuda rasuwa. Da ta fita takaba ta ce wa 'ya'yanta gida take so. Gwiwoyinta sun gaji, sai da sanda. Na ba ta ɗaki a gidana, matata Juwairiya tana kula da ita. Da ta huta sai ta ce, tunda ƙafa ba za ta kai ta gona ba, a kawo mata Mama Doofan su gaisa, kuma tana son ta ci sabuwar daddawa wadda ba ta sha hanya ba.

Na hau mota zuwa Obi. Na tarar da tsohuwar a inuwar mangwaro tana ɓare agushi, ta ƙanƙance, amma idon yana nan. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe komai na gaya mata, har gaisuwar da ban taɓa isarwa ba. Ta ajiye agushin ta dube ni.

"Sabuwa ya dawo?"

"Ta dawo, Mama."

"Zan yi. Ba don kai ba."

Akwai ƙirya biyu da suka rage a gonar surukinta, kuma lokacin zubarsu ne. Da hannunta ta murje ɓawon, Doose tana hana ta tana ƙi. Bayan kwana goma ta aiko in zo in ɗauke ta. A hanya na yi wa kaina alkawari cewa idan Yaya ta ci ta ji daɗi, ranta ya yi fari, zan faɗa mata gaskiya a wurin, ta yi mini duk faɗan da za ta yi.

Da suka ga juna sai kuka, suka daɗe a rungume. Juwairiya ta kirɓa sakwara, Mama Doofan ta ce ba mai taɓa tukunyar miya sai ita. Tana jefa daddawar ƙamshin ya cika tsakar gida, har maƙwabta suka leƙo. Ni da na yi shekaru ban ji shi ba sai da na koma bayan ɗaki na share ido, don Inna kawai nake gani a bakin murhu.

Bayan azahar muka zauna a tabarma. Yaya ta yi bisimilla, ta kai loma ɗaya, ta ƙara ta biyu, sai ta tsaya. Ta ɗauki ruwa ta sha. Na ga tana neman yadda za ta faɗa ba tare da ta ɓata wa tsohuwa rai ba.

"Mama, wannan ta yi ƙarfi da yawa, har da ɗaci-ɗaci. Ba kamar wadda kike aiko mini ba. Waccan ita ce ta Inna sak, ko ido rufe na ci zan gane ta."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Na ɗauka itace kawai na sayar, ashe a hankali na sauya mata bakin da ta tafi da shi, har ta manta hannun uwarta ba ta sani ba. Mama Doofan ta ɗago ta dube ni. Ta ba ni lokaci in faɗi gaskiya, wallahi ta ba ni. Na sunkuyar da kai ina juya loma a kwano.

"Tsufa ne, 'yata," in ji ta. "Hannu ya lalace."

"Ayya, Mama, ba komai. Ai kin yi mana a baya, Allah ya saka miki." Yaya ta dafa kafaɗarta tana lallashi, sannan ta juyo wurina. "Ra'ufu, akwai ragowar ta bara a gwangwani cikin jakata. Ɗauko a gyara miyar nan."

Na tashi na ɗauko. Ta gutsura ta marmasa a kan miyar, ta gauraya, ta ɗanɗana, ta ce yanzu ta ji gida. Ta tura kwanon gaban tsohuwar ta ce ita ma ta ci ta tuna. Mama Doofan ta sa hannu ta ci tare da mu har kwano ya ƙare, ba ta ƙara kallon inda nake ba.