Rigar Zuwaira ta ƙi sauka

Rigar ta tsaya mata a ƙirji, ta ƙi sauka. Muna bayan labule a shagon tela a Magariya, saura kwana uku bikina.

Ƙawayena shida na fitar wa anko. Sai da na zaga kasuwa sau uku na samu atamfar da ta karɓi fara da baƙa, muka zaɓi ɗinki mai kama jiki. Biyar sun zo an auna su. Zuwaira kuwa, aminiyata da aka kai gidan miji a Guci bara, tsohuwar rigarta ta aiko, tela ya yanka a kanta.

Yau ta zo gwaji, tana cire hijabi sai ga ciki, ya kai wata shida.

Na ce, "Zuwaira! Kullum muna waya, me ya hana ki gaya mini?"

Ta sunkuyar da kai. "Haba Mariya, cikin fari ne fa. Da wane baki zan faɗa? Ko Inna ban gaya wa ba."

Na ruga wurin mai atamfa, ta ƙare ƙaf. Tela ya ce in an samu ƙyalle zai buɗa gefe. Yanzu gida-gida nake bin sauran biyar, kowacce ta rage mini ɗankwalinta.

Ban san ko zai isa ba. Amma ko buhu za ta saka, Zuwaira ce za ta zauna kusa da ni. Masu ɗinki, don Allah, ƙyallen ɗankwali biyar zai rufe cikin wata shida?